Idan Gem Yana Tunzura Ɗanka: Matakan da Iyaye Za Su Bi

Daga Kano zuwa Maraɗi ƙorafin iyaye kusan iri ɗaya ne. Yaron da aka sani da sanyin hali ya samu waya, ya shiga buga gem, wato wasan bidiyo, na harbe-harbe irin su Free Fire ko PUBG ko Call of Duty, sai ga shi yana daka wa ƙannensa tsawa, a aike shi ya yi tsaki, a karɓe wayar ya bugo ƙofa kamar zai ɓalle ta. Abin da ke fara faɗo wa uba ko uwa a rai shi ne bindigar da ke cikin gem ɗin: wanda ke yini yana harbin mutane a waya ai dole zuciyarsa ta bushe. Tsoron yana da tushe, musamman a garuruwan da suka ga abin da faɗan daba da sara-suka suka yi wa samari. Sai dai idan aka tsaya a kan bindigar kaɗai, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin fushin yakan taso daga wani wuri dabam da ba a duba ba.

Mataki na 1: San abin da masana suka gano

An fi shekara 30 ana jayayya kan ko gem na faɗa yana sa yara faɗa. A 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan gem na faɗa irin su Mortal Kombat, zaman da ya haifar da hukumar ESRB mai sanya wa gem alamar shekaru a 1994. Har yau masana halayyar ɗan Adam ba su zama baki ɗaya ba, amma akwai inda yawancinsu suka haɗu.

A 2018 wasu masu bincike a Amurka suka tattara nazari 24 da aka yi a kan yara da matasa sama da 17,000, masu shekara 9 zuwa 19. Sun ga cewa masu yawan buga gem na faɗa sun fi sauran saurin kai hannu daga baya, amma bambancin ƙarami ne. A 2019 kuma Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein suka yi nazarin matasa kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya. Ba bakin yaran kaɗai suka bi ba, sun tambayi iyaye da masu riƙonsu yadda halinsu yake, kuma ba su ga alaƙa tsakanin gem na faɗa da rashin jituwa da mutane ba. Ƙungiyar masana halayya ta Amurka, a matsayar da ta sabunta a 2020, ta ce akwai 'yar alaƙa da abubuwa irin su tsawa da ture mutum, amma babu isasshiyar hujjar da za a ce gem ne ke kai mutum ga sara ko kisa.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne gem shi kaɗai ba ya mayar da yaro ɗan daba. Abubuwan da aka daɗe da sanin suna kai matashi can sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba: gidan da duka da zagi suka zama abincin yau da kullum, miyagun abokai, shaye-shayen ƙwaya, barin makaranta ba sana'a. Wannan bai ba ɗan shekara 12 lasisin buga kowane irin gem ba, za mu zo kansa. Amma yana sauke wa uba wani nauyi daga ƙirji, ya ba shi damar duba lamarin da idon basira.

Mataki na 2: Yi mako guda kana lura, ba faɗa ba ƙwace waya

Wannan ne matakin da iyaye suka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Samu takarda, ko ka rubuta a wayarka. Duk lokacin da yaron ya fusata, rubuta ƙarfe nawa ne, da abin da ya faru 'yan mintuna kafin nan. An cinye shi ne? Sabis ne ya ɗauke yana tsakiyar wasa? An kira shi aike ne? Da wa yake bugawa? Jiya ƙarfe nawa ya kwanta? Ya ci abinci?

Uba, yi wannan tare da mahaifiyarsa, domin ita ce ke ganin abin da ke faruwa da rana. Idan wayar Android ce, shiga saiti ka nemi Digital Wellbeing, zai nuna maka awa nawa kowace manhaja ta ci a rana. A iPhone sunansa Screen Time. Yaro zai ce maka awa ɗaya ya yi, kuma ba lalle ƙarya yake yi ba, mai buga gem ba ya jin wucewar lokaci. Lambar da ke cikin wayar ita za ta raba gardama.

Sannan ka tambayi malamin ajinsa da na Islamiyya ko suna ganin irin wannan hali a wurinsu. Amsarsu tana raba lamarin gida biyu. Idan fushin yana zuwa ne lokacin wasa ko jim kaɗan bayansa, a makaranta kuma lafiya lau yake, to matsalar tana kewayen gem ɗin, kuma gyaranta na hannunka. Idan kuwa ko'ina a fusace yake, da safe da yamma, da waya da babu waya, to akwai yiwuwar gem ɗin mafaka ce kawai. Wataƙila ana cin zalinsa a makaranta, ko karatu ya gagare shi yana jin kunyar faɗa, ko akwai rashin jituwa a gida da yake haɗiyewa. Ƙwace wa irin wannan yaro waya ba ya taɓa asalin ciwon.

Mataki na 3: Zauna ka ga abin da yake bugawa

Ka ce masa, "Zo nan ka nuna min yadda ake buga abin nan." Kada ya ji alamar bincike a muryarka. Matasa suna son a ga ƙwarewarsu, kuma za ka yi mamakin yadda bakinsa zai buɗe. Ka ce ya cire iyafis ya bar sautin ya fito fili. A nan ne iyaye da yawa ke gano cewa abin da ke shiga kunnen ɗansu ya fi abin da ke shiga idonsa muni. Waɗannan gem na intanet ana buga su ne da baƙi, wasu manya ne, kuma zagin uwa da gori da baƙar magana sun zama ruwan dare a cikinsu. Yaron da aka yi awa biyu ana zagi a kunne, da wuya ya ajiye waya ya yi wa ƙanwarsa magana mai daɗi. Ga 'yan mata masu bugawa abin ya fi haka, domin da zarar an ji muryar mace wasu sukan koma maganganun banza.

Duba kuma alamar shekaru. A Play Store, ƙarƙashin sunan kowane gem akwai lamba kamar 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. A kwalin faifan PlayStation za ka ga ko dai tambarin PEGI na Turai mai irin waɗannan lambobi, ko harafin ESRB na Amurka, inda T ke nufin daga shekara 13, M kuma daga 17. Grand Theft Auto V, wanda yara ke kira GTA, na 'yan 18 ne a ma'aunin Turai, haka ma Mortal Kombat na zamanin nan. Ba jini ne kaɗai dalili ba: a GTA akwai tsiraici da ƙwaya da caca da ashar. A nan ba na ganin akwai abin sasantawa. Gem ɗin da masu shi da kansu suka ce na manya ne, ba shi da wuri a hannun ɗan JSS, ko da bincike bai tabbatar zai sa shi faɗa ba.

Mataki na 4: Gano ainihin abin da ke kunna shi

Yanzu koma kan takardarka. Yawanci za ka tarar da ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan.

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne shan kaye. A 2011 Paul Adachi da Teena Willoughby na Jami'ar Brock a Kanada suka gwada gem iri-iri, suka ga cewa zafin gasa ne ya fi tayar da hali, ko akwai jini a gem ɗin ko babu. A 2014 Przybylski da abokan aikinsa, ciki har da Richard Ryan na Jami'ar Rochester, suka ƙara gano wani abu: idan aka wahalar wa mutum da gem har ya kasa iya shi, zuciyarsa takan tashi, ko da gem ɗin jera tubali ne kawai irin Tetris. Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem ya san wannan ba tare da jami'a ta faɗa masa ba. Faɗan da ake yi a can yawanci ba a kan gem na bindiga ba ne, a kan ƙwallo ne: an zura wa yaro 5 a FIFA ko eFootball a gaban abokansa, ana ta yi masa dariya. Ga matashi, kunya a gaban tsara tana da zafin da babba ya manta. Kuma sashen ƙwaƙwalwa na gaban goshi, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20 da wani abu. Saboda haka tsakanin jin zafi da jefar da waya babu nisa a wurinsa.

Na biyu shi ne yanke wasa a tsakiya. Iyayen da suka taso da gem ɗin da ake dannawa ya tsaya suna ɗauka duk haka ne. Gem na intanet ba ya tsayawa. A Free Fire mutum 50 ne ke shiga fili lokaci ɗaya, zagayen yana ɗaukar kamar minti 10. A PUBG mutum 100 ne, kuma yana iya kaiwa rabin awa. Sau da yawa yaron yana cikin tawagar mutum 4 ne, idan ya fita ya bar abokansa a cikin wuta, makinsa ya ragu, gobe kuma su tare shi da gori a makaranta. Idan ya ce, "Umma, don Allah bari in gama wannan," ba kullum ne raini ba. Wani lokacin gaskiyar yadda abin yake ke nan.

Na uku rashin barci. Likitocin barci na Amurka sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a dare. A wurinmu abubuwa biyu ne ke cinye wannan: data mai araha ta tsakar dare da kamfanonin waya ke sayarwa, da wutar lantarkin da ba a kawowa sai an yi nisa da dare. Yaron da ya kwanta ƙarfe 2, aka tashe shi Asuba, ya tafi makaranta, ya wuce Islamiyya, ko littafin addu'a ya kwana karantawa zai wayi gari da saurin fushi. A gidaje da yawa gyara lokacin kwanciya kaɗai yana iya rage rigimar.

Na huɗu kuɗi. Irin waɗannan gem na waya kyauta ake sauke su, amma an gina su ne don a riƙa sayen kaya a ciki da kuɗin gem ɗin, wanda ake saya da kuɗi na gaske: dayamon a Free Fire, UC a PUBG, CP a Call of Duty. Wasu kayan ma ba a san abin da za a samu ba sai an biya an juya, wanda ba shi da maraba da caca. Yaron da abokansa ke da rigar gem mai tsada shi ba shi da ita yana jin ƙasƙanci, daga nan sai nacin neman kuɗin data, sai canjin aike ya fara ɓata.

Mataki na 5: Ku yi yarjejeniya lokacin da kowa ke cikin natsuwa

Kada a kafa doka a tsakiyar faɗa. Zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, kamar bayan sallar Juma'a, kuma ba a gaban ƙannensa ba. Fara da abin da ka gani, ba da hukunci ba: "Na lura duk ranar da ka kai dare kana bugawa, washegari kai da ƙaninka sai kun yi. Me kake gani za mu yi?" Ka bar shi ya fara kawo shawara. Dokar da ya sa baki a cikinta ya fi jin kunyar karya ta.

Ku auna wasan da zagaye maimakon minti. "Zagaye 3 bayan ka gama aikin makaranta" ya fi "awa ɗaya" sauƙin cikawa, domin ƙarshen zagaye wuri ne da ake iya tsayawa ba tare da asara ba. Ku yarda cewa ba a fara sabon zagaye idan lokacin salla ko abinci ya kusa, kuma nauyin duba agogo a kansa yake. Ku kuma iyaye, idan aiken ba na gaggawa ba ne, ku tambaya, "Saura minti nawa?" sannan ku riƙe shi a kan abin da ya faɗa. Wayar ta kwana a falo ko ɗakin Umma, a can za a yi mata caji, kuma a ajiye ta aƙalla awa ɗaya kafin kwanciya. A rufe makirfon da muryar baƙi a saitin gem ɗin, a bar ta abokan da aka sani kawai.

Sai hukuncin karya alkawari, wanda shi ma a faɗe shi tun yanzu. Ya zama gajere kuma tabbatacce: ya yi zagi ko ya ɗaga wa wani hannu saboda gem, gobe babu wasa, jibi a dawo. Hukuncin wata 3 ba ya aiki, domin ko dai uwa ta ji tausayi ta mayar bayan kwana 4, ko yaron ya koma aron wayar abokai inda ba mai ganinsa. Ƙasar Sin ta gwada tsanani a matakin gwamnati: a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ko a can an riƙa samun yara suna shiga da asusun manya. Abin da ƙasa mai wannan ƙarfi ba ta toshe gaba ɗaya ba, uba ba zai toshe shi da tsawa ba, sai da yardar ɗansa.

Mataki na 6: Sa wayar ta taya ka

A Android sauke Family Link a wayarka ka haɗa ta da tasa. Da ita za ka iya sa iyakar awa a rana, lokacin da wayar za ta kulle da dare, da hana sauke sabuwar manhaja sai da izininka. Ga wanda ya haura 13, haɗawar tana bukatar amincewarsa, don haka ku yi ta tare. A iPhone duk wannan yana cikin Screen Time, PlayStation ma tana da saitin iyali. Cire katin bankinka daga wayarsa, ka saita Play Store ya nemi kalmar sirri kafin kowane saye.

Mataki na 7: Abin yi a daidai lokacin da ya fusata

Duk da yarjejeniya, ranar za ta zo. Ya jefar da waya, ya yi ashar, ko ya mangare ƙaninsa. Fara da raba shi da wanda ya taɓa. Kada ka shiga kokawar fizge waya daga hannunsa, a nan ne hannu ke kuɓucewa a yi abin da za a daɗe ana nadama. Yi magana gajera da murya ƙasa: "Ajiye ta nan. Je ka wanke fuskarka. Za mu yi magana anjima." Wa'azi a wannan lokaci ɓata baki ne, ba ya jin komai.

Koyarwar da ya riga ya sani daga Islamiyya tana da amfani sosai a nan, in an koya masa ita tun kafin ranar: neman tsari daga Shaiɗan, yin shiru, wanda ke tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Manzon Allah (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Matashin da ke son a kira shi gwani yana jin wannan magana fiye da yadda ake zato.

Ina roƙon iyaye su bar bulala a wannan wuri. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara nazarin da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga cewa duka yana tafiya ne tare da ƙaruwar faɗa da taurin kai, ba raguwarsu ba. Uban da ya fasa waya da ƙasa don ɗansa ya yi fushi ya nuna masa a aikace yadda babba ke yi idan ransa ya ɓaci.

Bayan ya huce, a yi maganar, ya ba wanda ya ɓata wa haƙuri, in ya fasa abu ya biya daga kuɗin kashewarsa, sannan hukuncin da aka yi alkawari ya hau kansa ba ƙari ba ragi. Ka koya masa kuma ya riƙa gane alamar tun da wuri: muƙamuƙi ya ɗaure, hannu ya fara zufa, an cinye shi sau biyu a jere yana cewa sai ya rama. Dokar "an ci ka sau biyu, tashi ka sha ruwa" tana da sauƙin riƙewa.

Mataki na 8: Leƙa gidan gem ɗin da yake zuwa

Je da kanka, da rana, ka gaisa da mai wurin. Duba ko ana sa kuɗi a kan wasa, ko ana shan wani abu a ciki ko a bayan shagon, ko manya da yara a cakuɗe suke, da ƙarfe nawa ake rufewa. Inda ake cewa wanda aka ci shi zai biya, ko ake aza kuɗi a kan sakamako, faɗa ba ya nisa, kuma wannan wurin a raba yaro da shi. Inda babu waɗannan, zuwa da rana tare da abokan da ka san iyayensu ya fi kullewa a ɗaki shi kaɗai da baƙin intanet har tsakar dare.

Lokacin da aka rage masa kuma a cike shi da abin da zai gajiyar da jiki ya kuma ba shi wurin nuna bajinta: ƙwallon unguwa, keke, ko zama a shagon gyaran waya ranar Asabar. Yaron da ya iya saitin gem sau da yawa hannunsa na da kyau a irin wannan sana'a.

Mataki na 9: Lokacin da ya kamata a ga likita

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya larurar kamuwa da gem a kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022. Yawan awa kaɗai ba ya sa a ce yaro yana da ita. Alamominta uku ne: ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture komai har abinci da wanka da karatu da abokai, kuma yana ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da ake yi. Yawanci sai abin ya kai wata 12 kafin likita ya tabbatar, kuma kaɗan ne daga masu buga gem ke kaiwa nan.

Amma akwai abubuwan da ba a jira wata 12 a kansu: ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu, ya ɗauki wuƙa ko ya fara yawo da makami, yana azabtar da dabbobi ko ƙananan yara, ya daina zuwa makaranta, an ga alamar ƙwaya a tare da shi, ko ya furta cewa gara ya mutu. Ko ɗaya daga ciki ya isa a kai shi asibiti cikin makon, na ƙarshen kuma a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a je. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Wanda ke nesa da waɗannan ya fara da babban asibitin da ke kusa ya nemi a tura shi. Ka faɗa wa yaron gaskiyar inda za ku da dalili, ka tafi da takardar da ka rubuta a makon lura da bayanin awannin da wayar ta nuna, domin su ne tambayoyin da likita zai fara yi.